Don Allah a duba maganar sola a ɗakunan haihuwa na ƙauyukanmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya fama da jama'a, ya kuma zafin nan namu na Sakkwato.

Abin da ya sa na rubuto maka, na je ƙauye zaman jiran haihuwar ƙanwata, naƙuda ta kama ta bayan isha'i, mijinta ya ɗauke mu a mashin zuwa ƙaramin asibitin garin. Malamar asibitin Allah ya saka mata da alheri ita kaɗai ce a wurin, wuta babu, janareto akwai amma babu mai, ka san yadda fetur ya koma tun 2023. Sai ta ce min yaya kunna tocilar wayarki ki haska min nan. Haka na tsaya hannuna na rawa har jaririya ta faɗo wajen ƙarfe 2 na dare, ina cikin hamdala sai jini ya ɓalle, baiwar Allah tana laluben jijiya za ta sa ruwa ni kuma cajina ya ƙare, wallahi da haƙora ta cije tata wayar ta yi ɗinkin. Alhamdulillah uwa da ɗiya suna nan lafiya, amma har yau in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi.

Da gari ya waye na fito alwala, ina ɗaga kai sai ga farantan sola a kan rufin kwano, ƙura ta rufe su. Na tambaya aka ce ai batir ne ya mutu tuntuni ba a canza ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. An kashe kuɗi an kafa, an tafi, ba a bar wanda zai gyara ba, ko goge farantan lokacin hazo ba a koya wa kowa ba.

Kullum a rediyo ana ce mana ku je awo, ku haihu a asibiti, kuma gaskiya ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, zubar jini kuma yana kan gaba. To amma macen da ta san duhu za ta tarar ai gara ta zauna ɗakinta a kira ungozoma, kuma haihuwa ba ta jiran gari ya waye. Sannan ba haske kaɗai ba, allurar tsayar da jini ta oxytocin sanyi take so, a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu in babu firji ƙarfinta raguwa yake.

Abin kuma ba sabo ba ne. A 2008 wata likita 'yar Amurka Laura Stachel ta je wani asibiti a Zariya ta ga yadda rashin wuta ke hana aikin ceto da dare, ita da mijinta suka haɗa 'yar sola cikin akwati, fitilu da wurin cajin waya, daga nan ƙungiyar We Care Solar ta samo asali. Daga arewan nan dabarar ta tashi, mu kuma da rana ta fi gasawa muna karɓar haihuwa da tocila.

Roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumominmu 23, a fara da ɗakin haihuwa kafin ofis, kuma cikin kuɗin kula da ƙananan asibitoci da dokar lafiya ta 2014 ta tanada a ware na sayen batir, a koya wa yaro ɗaya a kowane gari gyaran sola, hakimai da kwamitin asibiti su sa ido.

Kai kuma Malam Edita don Allah ka tura wakilinka ya zaga asibitocin ƙauye, amma ya je bayan magariba.

Taku, mai karatu daga Sakkwato.