Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a matsayina na malamin jami'a mai duba ayyukan ɗaliban digiri na biyu da na uku, domin in ja hankalinka zuwa ga wani ɓangare na karatun gaba da digiri wanda ingancin bincike ya rataya a kansa, amma ba a cika tambayar halin da yake ciki ba idan an zo tantance kwasa-kwasai. Ina nufin karatun da ɗalibi yake yi da kansa, a kan batun da ya zaɓa, ƙarƙashin kulawar malami wanda ya san fannin.

A yawancin sassanmu, ɗalibi yana shafe zango biyu yana zama a aji kamar yadda ya saba tun digiri na farko, ana karanta masa lacca yana rubutawa, ya yi jarrabawa ya ci. Daga nan sai a liƙa sunansa a allon sanarwa tare da sunan malamin da zai duba shi, a ce ya kawo taken bincike. Tsakanin waɗannan matakai biyu babu wani horo. Mutumin da bai taɓa zama da littattafai goma a kan batu ɗaya ya auna hujjojinsu ba, shi ake so ya gano giɓin da masana suka bari. Sakamakon yana fitowa fili a babi na biyu na kundayen da muke dubawa, inda bitar ayyukan da suka gabata take komawa jerin "wane ya ce, wane ma ya ce", babu inda ɗalibin ya tsaya ya faɗi wanda ya fi ƙarfin hujja da dalilin hakan. Wani ma, don tsoro ko gajiya, sai ya kwafo daga intanet ko ya biya a rubuta masa.

A jami'o'in Amurka da dama akwai kwas na musamman mai maki kamar sauran kwasa-kwasai, wanda ɗalibi da malami suke tsara jerin abin da za a karanta, su yanke lokutan haɗuwa, ɗalibin ya rubuta takarda a ƙarshen zango. Mu ma wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantun zaure na Kano da Zariya da Sakkwato, kowane almajirin ilimi da littafinsa yake zuwa, ya yi bita a gida, ya zo gaban malam ya karanta, malam ya gyara ya warware masa, ba ya wuce babi sai ya fahimce shi. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne malam yana nan a lokacin da aka san yana zama, kuma a nan ne jami'o'inmu suka gaza.

Duk wanda ya bi ta barandar ofisoshin malamai ya san hoton. Ɗaliba ta taso daga wani gari da asuba, ta bar yara da aiki, tana riƙe da babi na uku da ta kashe kuɗi ta buga, tana zaune a kan benci tun hantsi har la'asar, daga baya masinja ya gaya mata malam ya tafi wata jami'a koyarwa. Idan ta yi sa'a ta miƙa aikin, zai hau kan tulin kundayen da ke teburin, ya yi watanni kafin ya dawo da jan biro a shafukan farko kawai. Ba ta da wata takarda da ta nuna yaushe ta miƙa, ba ta san wa za ta kai wa kuka ba, kuma tana tsoron idan ta yi magana aikin ya ƙara daɗewa. Haka digirin da aka tsara a gama cikin shekara biyu yake cin huɗu ko biyar, ana ta biyan kuɗin rajista.

Ba zan ɗora laifin duka a kan malamai ba, domin na san nauyin da ke kansu. Malamin da yake koyar da ɗaruruwan ɗaliban digiri na farko, ga makin jarrabawa, ga taron kwamitoci, shi ne kuma ake jibga wa ɗaliban bincike fiye da yadda zai iya karanta ayyukansu da natsuwa. Sababbin jami'o'i sun yawaita, manyan malamai ba su yawaita ba, wasu kuma sun fice ƙasashen waje. Yarjejeniyar 2009 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tanadi alawus na duba ɗaliban gaba da digiri, amma biyan irin waɗannan alawus ya daɗe yana cikin abubuwan da ake rikici a kansu. Yajin aikin 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, kuma bincike da yawa sun mutu a wannan tsakani.

Ranka ya daɗe, dokar 1985 da ta shafi mafi ƙarancin ma'aunin ilimi ta ba hukumarka ikon shimfiɗa ƙa'idoji da tantance kwasa-kwasai. A Disamban 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhajar digiri na farko wadda ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100 su tsara da kansu. Roƙona shi ne a waiwayi matakin gaba da digiri da irin wannan himma, a sanya kwas na karatun kai ƙarƙashin kulawar malami ya zama wajibi a zango na biyu, kafin a amince da taken bincike. Ɗalibi da malami su sa hannu a takarda guda da ta bayyana abin da za a karanta, sau nawa za a haɗu, da abin da za a rubuta, a ajiye kwafi a ofishin shugaban sashe.

Na san za a ce irin wannan kwas zai iya zama hanyar raba maki kyauta, ko kuma ya ba malami maras tsoron Allah damar matsa wa ɗalibi, musamman mace. Wannan fargaba tana da tushe, shi ya sa ya kamata ɗalibin ya gabatar da takardarsa a taron ƙara wa juna sani na sashe, malami na biyu ya ba da nasa makin, haɗuwa kuma ta kasance a ofis cikin lokutan aiki. A kuma buɗe hanyar sauya mai dubawa ba tare da an ɗauki ɗalibi a matsayin mai rashin kunya ba.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai an ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, an lissafa sa'o'in dubawa cikin nauyin aikinsa kamar yadda ake lissafa sa'o'in lacca, an kuma sa wa'adin da babi zai dawo hannun mai shi. A ganina mako shida ya wadatar. Yana da kyau kuma hukumarka ta tattauna da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kan ɗan tallafin da zai kai ɗalibin tarihi Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma buɗe wa na kimiyya mujallun da ake biya kafin a karanta.

Idan tawagar tantancewa ta je wata jami'a, ina roƙon ta nemi rajistar haɗuwar ɗalibai da masu duba su, ta duba ranar da aka miƙa babi da ranar da ya dawo, sannan ta zauna da ɗaliban su kaɗai, babu malami a ɗakin, ta ji daga bakinsu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin jami'a