Ba iyayi ba ne, ciwo ne

Edita assalamu alaikum, dan Allah a bani ɗan fili in yi magana kan wani ciwo da ke cikin gidajenmu amma muke ce masa iyayi ko yanga. Yarinya zata zauna gaban tuwo tana ta juya loma ɗaya a miya tana cewa na ƙoshi ai na ci a makaranta, wata kuma ta cinye tas sannan ta zagaya banɗaki ta zura yatsa a maƙogwaro ta amayar, wata ma sai ta fake da azumin Litinin da Alhamis uwa na ta sa albarka, alhali tsoron ƙiba ne ya hana ta ci. Likitoci na kiran na farkon anoreksiya, na biyun bulimiya, kuma har maza na kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da irin wannan ciwon, kusan miliyan 3 yara ne da matasa, kuma wallahi yana kisa, don yawan amai na cinye haƙora ya rikita bugun zuciya, yunwar kuma har al'ada take ɗaukewa.

Abin da ya fi damuna bakinmu ne. Daga an haɗu a biki kafin a gama gaisawa sai kiji "ke wannan ƙiba haka wa zai kwashe ki", ita kuma siririya a ce "kamar ba a baki abinci a gidanku", to ina zata sa kanta? Mai jiki ta koma shayin rage teɓa na TikTok, siririya ta koma sha-ka-fashe, wanda wani lokacin deksametason ne da ke kumbura fuska ya hau da suga da jini, duk don kar dangin miji su yi magana ranar kai amarya.

Iyaye mata 'yan uwana, duka da gori basa sa mai wannan ciwon ta ci, sai dai ta ƙara ƙwarewa a ɓoyewa. Ki zauna ki ci tare da ita, kar ki tsare ta da ido kina ƙirga loma, in ta fara murmurewa kuma kar a ce mata "kin yi ƙiba masha Allah", ita wannan maganar kaɗai zata iya maida ta baya. Sauƙin a hankali yake zuwa, yau ta ci gobe ta ƙi, sai haƙuri. A yi addu'a amma a je asibiti, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, zuwa wajensu ba yana nufin hauka ba.

Edita ina roƙo ku gayyato likita ya yi mana bayanin alamomin a shafinku na lafiya da Hausa, yadda kakar yarinya ma zata gane.

Wata uwa daga Kano