A dubi aiki da albashin masu kula da ma'aikata a Maraɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shirinku na wasiƙun masu sauraro domin in yi magana a kan aikin jami'in kula da ma'aikata, wato mutumin da ke rubuta takardar ɗaukar aiki, ya lissafa albashi da hutu, ya kai sunayen ma'aikata asusun CNSS, wanda ke biyan ma'aikata fansho, kuma shi ne ke tsayawa gaban sufeton ƙwadago idan rigima ta tashi.

A jiharmu, waɗanda suka fi ɗaukar irin waɗannan jami'ai su ne ƙungiyoyin agaji, musamman tun 2019 da 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo yankin Gidan Rumji. Ƙungiyoyin suna biya da kyau idan aka kwatanta da 'yan kasuwa, sai dai aikin nasu na wa'adi ne, kuma yana rataye da kuɗin da ke zuwa daga waje. Da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta a farkon 2025, ayyuka da dama sun tsaya, kuma wanda ya rubuta wa abokan aikinsa takardun sallama shi ne ya bi bayansu daga ƙarshe. Wasu sun tafi Yamai nema, wasu suna zaune a gida da iliminsu.

Abin da ke damuna shi ne, a daidai wannan lokaci garin cike yake da wuraren da ke buƙatarsu. Maraɗi cibiyar kasuwanci ce, akwai alhazai masu manyan motoci da gidajen mai da gidajen burodi, ga makarantu da asibitoci masu zaman kansu, kowannensu da ma'aikata masu yawa. Amma a galibin wuraren nan, sha'anin ma'aikata an ɗora shi ne a kan mai lissafin kuɗi, ko kuma wani ɗan ɗan'uwan maigida da ke riƙe da littafi guda yana rubuta wanda ya karɓi bashi da wanda ya yi fashin zuwa. Idan ma aka yi niyyar ɗaukar wanda ya karanci aikin, albashin da ake yi masa tayi bai wuce na magatakarda ba, sau da yawa kuma babu takarda a rubuce.

To, mutumin da shi kansa ba shi da takarda, da wane baki zai gaya wa Alhaji cewa doka ta ce kaza? Kuma dokar tana nan sarai. Kundin ƙwadago na 2012 ya tsayar da awa 40 na aiki a mako, ya ba mace mai haihuwa hutun mako 14. Mafi ƙarancin albashi, da ya daɗe a kan sefa 30,047, ya koma 42,000 tun watan Janairun 2024. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci a zuba a CNSS, maigida kuma ya ƙara nasa kason, wanda ya fi haka yawa. Duk wannan lissafi ne da sai wanda ya san shi, kuma yake da kwanciyar hankalin faɗin gaskiya ba tare da tsoron kora ba.

Na san wani dattijo direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Ɗan Isa da Konni. Da ƙarfi ya ƙare, ya ɗauki takardunsa a cikin leda ya je neman fansho, aka duba ba a ga sunansa ba ko sau ɗaya. Maigidansa ba azzalumi ba ne, har yanzu yana aika masa da buhun hatsi da azumi, amma ba a taɓa samun wanda aka ɗora wa alhakin yi masa rajista ba. Kyauta tana da ladanta, sai dai ba ta maye gurbin hakki.

Wasu 'yan kasuwa za su ce ciniki ya ja baya tun rufe iyaka a 2023, ba su da halin ƙarin albashi. Ina jin wannan uzuri. Amma ƙananan masana'antu uku ko huɗu suna iya haɗuwa su ɗauki jami'i ɗaya, a rubuta masa takarda, a biya shi albashin da zai riƙe iyalinsa, ya riƙa zagaya su. Ofishin ANPE, wato hukumar sama wa mutane aikin yi, da majalisar 'yan kasuwa ta Maraɗi suna iya haɗa su da ƙwararrun da ke zaune babu aiki.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka gayyato sufeton ƙwadago da wakilin CNSS da ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwarmu cikin shirin, a buɗe waya, ma'aikata su tambaye su da bakinsu.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
daga unguwar Zariya, Maraɗi