Maganin ruɓewar 'ya'yan zuma wuta ce, ba ƙwaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu kiwon zuma kan cutar ruɓewar 'ya'yan zuma, wadda bakteriyar Paenibacillus larvae ke haddasawa. Ta ɓulla har a ƙasar Afirka ta Kudu a 2009, kuma tana bin zuma da tsofaffin akwatuna ta tsallaka ƙasashe.

Tsutsar zuma na kamuwa tun tana kwana ɗaya ko biyu, amma ba ta mutuwa sai bayan an rufe ɗakinta da kaki. Shi ya sa ake duba murfin: ya loɓa ciki, ya yi duhu da maiƙo, wani da 'yar huda a gefe. A soka tsinken ashana a juya, a jawo a hankali. Idan wani abu ruwan ƙasa ya biyo tsinken kamar yauƙin kuɓewa har tsawon santimita 2 zuwa 3, a ɗauka ita ce, a ƙona tsinken nan take. Kada a dogara da wari, sau da yawa sai cutar ta yi nisa ake jinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu barbaɗa oxytetracycline, wani maganin kashe bakteriya. Ƙwayar cutar tana shiga wani ɓawo mai tauri ta kwanta, tana iya shekara 35 ko fiye a saƙa da jikin katako, kuma maganin ba ya taɓa ta. Alamun ne kawai ke ɓacewa. Mai kiwon ya saki jiki, ya ɗauki saƙa daga wannan akwati ya kai wancan, ya raba cutar da hannunsa. New Zealand ta haramta wannan magani kan cutar, dokarta ta ce a ƙona amyar cikin kwana 7 da ganowa, kuma a ganina gaskiyarsu ce.

Ga yadda ake ƙonawa: da magariba, bayan ƙudan zuman sun dawo, a toshe ƙofa, a zuba fetur kamar rabin lita ta sama, a rufe na minti 10 don ƙudan su mutu. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya nesa da ciyawa, a ƙona ƙudan, saƙa, zuma da firam (katakon da ke riƙe saƙa), a binne da ƙasa mai kaurin santimita 30 aƙalla. Hattara da tururin fetur wajen kunna wutar. Zumar da ta tsiyaye a ƙasa ma a binne ta, domin ƙudan maƙwabta za su zo kwasa. Akwati mai kyau ana iya ceto shi idan aka nitsar da shi cikin kakin farafin mai zafin digiri 160 a ma'aunin Celsius na minti 10. Amyar kara ko ta ciyawa kuwa sai wuta.

Sauran akwatunan wurin kada a motsa su, a riƙa duba kowace saƙar 'ya'ya duk bayan makonni kaɗan, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Kuma don Allah a daina ciyar da ƙuda da zumar kasuwa lokacin ƙarancin fure. Ruwan sukari ya wadatar.

Wassalam,
Wani mai kiwon zuma, Zariya