Tsamar da ke tsakanin Ingila da Sikotlan ta wuce labarin tsofaffin yaƙe-yaƙe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin yin tsokaci a kan wani batu da kafafenmu na Hausa suke wucewa da shi a gurguje. Duk lokacin da maganar ɓallewar Sikotlan daga Birtaniya ta taso, sai a kawo ta kamar hatsaniya ce a wani lardi na Ingila, ko kuma gaba ce ta kaka da kakanni da ta ƙi mutuwa. Al'amarin bai tsaya nan ba. Ƙasashe biyu ne suka ƙulla yarjejeniyar zama tare, ɗaya ta ninka ɗaya sau goma a yawan jama'a, kuma ba a rubuta a ko'ina yadda ƙaramar za ta fita idan ta gaji da zaman ba. Yawancin ƙorafin da ake ji yau daga nan yake tasowa.

Ba da yaƙi aka haɗa su ba. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta farko ta rasu ba magaji, sai sarkin Sikotlan, James na shida, ya gaji gadon sarautar Ingila. An ɗauki sama da shekara ɗari ana sarki ɗaya, majalisa biyu. A ƙarshen ƙarni na 17 'yan Sikotlan suka zuba dukiya mai yawa a yunƙurin kafa zangon kasuwanci a Darien, ƙasar Panama ta yanzu. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Spain suka tarwatsa shirin, Ingila kuma ta hana yankunanta taimaka musu. Cikin wannan karayar aka haɗe majalisun biyu a 1707, Ingila ta biya kusan fam 398,000, wani ɓangare ya tafi wajen biyan waɗanda suka yi asara a Darien. Shi ya sa har gobe wasu ke cewa manya ne suka sayar da ƙasar. Amma 'yan Sikotlan sun yi ciniki da ido buɗe, domin sun riƙe dokarsu da kotunansu da cocinsu, kuma tsarin karatunsu ya ci gaba da zama nasu.

Yaƙe-yaƙen suna nan a bakin mutane: nasarar sarkin Sikotlan Robert Bruce a kan Ingila a Bannockburn a 1314, da kashin da sojojin gwamnatin Birtaniya suka ba mutanen tsaunukan Sikotlan a Culloden a 1746, wanda ya jawo aka haramta musu tufafinsu na gargajiya har zuwa 1782. A filin ƙwallo aka fi tuna su, kuma ƙasashen biyu ne suka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya, a 1872, aka tashi canjaras babu ci. Abin da ya fi shafar rayuwa shi ne dokar da aka riƙe a 1707.

A shari'ar manyan laifuka, mutum 15 ne ke taya alƙali yanke hukunci a Sikotlan, a Ingila 12. Kotun Sikotlan ba ta kama mutum da laifi da hujja daga tushe guda, sai an samu ta biyu da za ta ƙarfafa ta. Ta daɗe tana da hukunci na uku bayan na an yi laifi da na ba a yi ba, wato a ce laifin bai tabbata ba, a saki wanda ake tuhuma ba tare da an wanke shi fes ba. A 2025 majalisar Sikotlan da ke Edinburgh, wadda aka kafa a 1999, ta kaɗa ƙuri'ar soke shi. Ɗan shekara 16 yana iya aure a Sikotlan ba sai da yardar iyaye ba, alhali Ingila ta ɗaga shekarun zuwa 18 a 2023. Wajen sayen gida ma hanya daban ce. A Sikotlan mai sayarwa ne yake kawo rahoton lafiyar gidan da ƙimarsa, masu so su miƙa tayinsu ta hannun lauya, da zarar lauyoyin sun kammala musayar wasiƙu ciniki ya faɗa. A Ingila sai ranar musayar kwangila magana take ɗaure kowa, don haka mai gida yana iya karɓar tayin wani bayan ka kashe kuɗin dubawa da na lauya. Direban da ya tsallaka iyaka kuwa ya shiga wata doka: miligiram 80 na barasa a kowane mililita 100 na jini ne ƙa'ida a Ingila, a Sikotlan 50 tun 2014. Hatta sarki matsayinsa ba ɗaya ba ne. Shi ne shugaban Cocin Ingila, amma ba shi da wannan muƙamin a Cocin Sikotlan, sai dai ya yi rantsuwar kare shi idan ya hau mulki.

Akwai ƙananan abubuwa da suke ci wa mutane tuwo a ƙwarya fiye da manyan. Bankuna uku ne ke buga takardar fam a Sikotlan: Bank of Scotland, da Royal Bank of Scotland, da Clydesdale. Darajarta daidai take da ta Babban Bankin Ingila, domin doka ta tilasta musu ajiye kadara madadin duk abin da suka buga. Duk da haka mutumin Glasgow, birni mafi girma a Sikotlan, zai miƙa fam ashirin na bankin Sikotlan a kanti a Landan, mai karɓar kuɗi ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama ya duba, ya kira manaja, daga ƙarshe ya ce a kawo wata. Bai karya doka ba, mai kanti yana da ikon ƙin karɓa. Shi dai mai kuɗin abin da ya ji a ransa shi ne an ce masa baƙo a ƙasar da ake ce masa tasa ce. Mai tafiya kudu gara ya canza su a banki ko ya biya da kati. Haka aka yi a 1952 da aka fara sa tambarin Elizabeth ta biyu a akwatunan wasiƙa: mutane suka lalata su a Edinburgh, suna cewa su ba su taɓa yin Elizabeth ta farko ba. Tun daga nan hoton kambin Sikotlan ake sawa a akwatunansu.

Su ma Ingilishi suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Ɗalibin Sikotlan ba ya biyan kuɗin jami'a a gida, na Ingila kuwa yana biyan sama da fam 9,000 a shekara, ko da a Edinburgh yake karatu a aji ɗaya da wancan. Kafin fita daga Tarayyar Turai, Bafaranshe ko Bajamushe kyauta yake karatu a can, ɗan Newcastle, birnin Ingila da ke maƙwabtaka, yana biya. Maganin da likita ya rubuta kyauta ne a Sikotlan tun 2011, a Ingila fam 9.90 ne kowane guda. Kuɗin da Landan ke ba gwamnatin Sikotlan yana zuwa ne ta wani lissafi da Joel Barnett, wani minista a baitulmalin Birtaniya, ya tsara a 1978: idan aka ƙara fam biliyan ɗaya a kiwon lafiyar Ingila, Sikotlan tana samun kasonta gwargwadon yawan jama'a, ɗan ƙasa da fam miliyan 100, ta kashe yadda ta ga dama. Lissafin yana duba ƙari ne kawai, ba ya taɓa tushen da aka tarar, shi ya sa kason kowane mutum a Sikotlan ya fi na Ingila har yau. 'Yan Sikotlan sukan amsa da cewa man fetur ɗin Tekun Arewa da aka sauke ta gaɓarsu ya ciyar da baitulmalin Landan shekaru da dama, kuma harajinsu ya fi tsanani: a 2025 mai albashi yana shiga kashi 42 cikin ɗari daga fam 43,663, ɗan Ingila kuwa sai ya kai fam 50,271 yake shiga kashi 40. Wani abin takaicin ga Ingilishi shi ne 'yan majalisar Sikotlan a Landan suna jefa ƙuri'a a kan dokokin da ba su shafi mazaɓunsu ba. A 2004 dokar ƙarin kuɗin jami'a a Ingila ta tsallake da ratar ƙuri'a biyar kacal, kuma da ƙuri'unsu ta tsallake.

Sai dai idan aka auna, nauyin ya fi danne ƙaramar. Ingila tana da mutum sama da miliyan 56, Sikotlan kusan miliyan biyar da rabi. A cikin kujeru 650 na majalisar Landan, 57 ne nata. Jam'iyyar Conservative ba ta sake samun rinjayen ƙuri'un Sikotlan ba tun 1955, amma ta yi ta mulkinsu. A 1979 kashi 51.6 suka zaɓi a kafa musu majalisa, aka ce bai yi ba, domin sharaɗin shi ne kashi 40 na duk masu rajista. Gwamnatin Margaret Thatcher ta fara karɓar harajin kai a Sikotlan a 1989, shekara guda kafin Ingila, abin da ba su manta ba. Sai a 1999 majalisar Edinburgh mai kujeru 129 ta zauna. Jiragen ruwan da ke ɗauke da makaman nukiliyar Birtaniya kuma a Faslane suke, kusa da Glasgow, duk da adawar gwamnatin yankin.

A ranar 18 ga Satumba 2014 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 55 suka zaɓi zama, kashi 45 suka zaɓi fita. Ɗaya daga hujjojin masu son zama shi ne ta haka ne kaɗai za a ci gaba da kasancewa cikin Tarayyar Turai. Bayan shekara biyu kashi 62 na 'yan Sikotlan suka ce a zauna a Tarayyar, kowace ɗaya daga ƙananan hukumominsu 32 haka ta zaɓa, ƙuri'un Ingila suka rinjaye su aka fita da su. Da suka nemi sake ƙuri'a, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Nuwamba 2022 cewa majalisarsu ba ta da hurumin shirya ta sai da izinin Landan. Ta 2014 ma ta yiwu ne don firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya amince ya ara musu ikon. A ganina wannan ne babban aibin tsarin. Ireland ta Arewa, wadda ita ma ɓangare ce ta Birtaniya, tana da ƙa'ida a rubuce tun yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 game da lokacin da za a kira irin wannan ƙuri'a, Sikotlan kuwa sai yadda firaministan da ke kan kujera ya so. Zaman da aka ce na yarda ne ya kamata a san ƙofar fitarsa.

Ba ina nufin fita ce mafita ba. Masu neman 'yanci har yau ba su gamsar da jama'a a kan wane kuɗi za su kashe ba, da yadda za a yi da iyakar kilomita 154 idan suka koma Tarayyar Turai alhali mafi yawan kayansu Ingila da sauran sassan Birtaniya suke zuwa. Kuma kada mai karatu ya ɗauka ƙiyayyar jini ce. Dubban ɗaruruwan haifaffun Ingila suna zaune a Sikotlan, an yi auratayya, kuma su ma an ba su ƙuri'a a 2014 kamar 'yan Sikotlan. Jam'iyyar SNP mai fafutukar ɓallewa ita ce ta ɗora Humza Yousaf, Musulmi ɗan asalin Pakistan, a kan shugabancin gwamnatin yankin a 2023.

Roƙona ga jaridarka, idan za a kawo labarin wata doka ko kuɗin makaranta ko haraji daga Birtaniya, a riƙa faɗin yankin da abin ya shafa. Ɗalibin da zai nemi gurbi yana bukatar sanin cewa digirin farko shekara huɗu ne a Sikotlan, uku a Ingila, kuma wannan shekarar guda kuɗin makaranta da na haya ne cur a kansa.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarka