Yaron nan ya tafi sojan ruwa

Alhajin Zazzau, bawan Kanawa, assalamu alaikum.

Ina gajiya, ina iyali? A gaida Hajiya da yara, a ce wa Inna ina gaisuwa da kyau. Na san za ka ce na yi shiru tun babbar salla, to kai ma ai ba a ɗaure maka hannu ba. Asali maganar filin nan na zauna in tambaye ka, amma akwai labarin da ya cika mini ciki, bari in fara sauke shi.

Yaron nan ya tafi soja. Babban nake nufi, mai sunan Baba, wanda ya taɓa jiƙa maka babbar riga ranar sunan ƙanwarsa. Sojan ruwan Amurka ya shiga. Ya gama sakandare muna ta lissafin kuɗin jami'a, ka kuwa san yadda karatu yake cin mutum a ƙasar nan, sai ga shi da takardu: zai yi musu aiki, su kuma su ɗauki nauyin karatunsa daga baya. Na ce to ina zan sa hannu? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ɗan shekara 17 ake nema wa sa hannun iyaye, ni na cika 18.” Albarka kawai ya zo nema. Na sa masa, amma daren nan tuwo bai wuce mini ba.

Wurin horon sunansa Great Lakes, a jihar Illinois, arewa da Shikago, a bakin tafkin Michigan. Tun 1911 ake horar da sojan ruwa a can, kuma yanzu shi kaɗai ya rage, duk ƙaramin sojan ruwan da za a ɗauka a faɗin Amurka ta nan zai bi. Abin dariyar, babu teku ko kusa. Ruwan daɗi ne, sai iska mai shiga ƙashi. Gine-ginen da suke kwana ma jirgi suke ce musu, alhali suna nan daram a kan tudu. Mako 9 zai yi. Ɗan maƙwabcinmu, mutumin Kumasi, 10 ya yi, kafin a rage a farkon 2025, shi ya sa uban yake mana kallon waɗanda aka yi wa ragi.

Daren da ya isa ya kira, can dare ya raba. Ba hira ba ce, abin da aka tsara masa yake karantowa da wata murya da ban san shi da ita ba: ya iso lafiya, za mu ji daga gare shi nan gaba, sai an jima. Kafin uwarsa ta miƙo hannu, ƙit, ya katse. Daga nan sai shiru.

Ka dai san uwar yara da karar nan ta Fulanin gidansu. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, daga “wancan” sai “yaron nan”. Ranar da muka raka shi ko idonta bai yi ja ba, cewa kawai ta yi, “A riƙe salla,” ta juya. Ashe kullum bayan lisha, in na fita aiki, zama take ta rubuta masa wasiƙa, tun ba mu san inda za a aika ba. Auta ce ta tona mini, wai a gwangwanin zare da allura take ɓoyewa. Da takardar farko ta iso daga can, mai ɗauke da adireshi da lambar rukuninsu da ranar da za a yaye su, sai ga ta da tulin ambulan, fuska a ɗaure: “In za ka bi ta gidan waya, ga saƙon Auta.” Duk rubutun hannunta ne, Alhaji. Na karɓa na sa a aljihu ban ce uffan ba. Har kilishi da yaji ta ɗaure za ta haɗa, matar mutumin Kumasi ta ce a'a, ba a aika musu abinci, takarda da hoto kawai. Ta ce yaji ai magani ne. Da ƙyar aka raba ta da ƙullin.

Ni kuwa kada ka tambaya. Mai raba wasiƙun layinmu, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Duk lambar da ban sani ba sai na ɗauka, masu tallan inshora sun samu abokin hira.

Af, wai da gaske mutumin naka ya ƙara ta uku? Da wane kuɗin? Bashina na tun zamanin Kantin Kwari fa yana nan, ka gaya masa ban yafe ba, sai dai in an sa wa ɗan amaryar sunana.

Abin da yake hana ni barci shi ne iyo. Akwai jarrabawar da kowa sai ya ci: a diro cikin ruwa daga tsayin ƙafa 10, a yi iyo yadi 50, sannan a kwanta ruf da ciki a kan ruwa minti 5. Yaron da iyakarsa da ruwa bahon wanka! Jininmu ne fa, kai ma ka tuna yadda aka tsamo ka a Tiga kana salati da ihu a haɗe. An ce wanda ya faɗi ana koya masa ya sake, amma in abin ya ja, sai a mayar da shi rukunin baya, ranar yayewa ta matsa gaba. Wasiƙarsa ta zo, shafi guda. An yi masa ƙwal, abinci na isarsa, ya iya ninke riga yadda ko uwarsa ba ta iya ba, ya samu wani yaro ɗan Senegal suna tuna wa juna lokacin salla. Iyo kuwa ko kalma. Na karanta gaba da baya, har bayan ambulan na duba. Uwar ta ce da ya faɗi da ya faɗa. Ni na san ɗana, irin shirun nan ya yi mana shekarar da lissafi ya kayar da shi.

In ya tsallake wannan, saura ta ƙarshe. Akwai wani jirgin yaƙi na kwaikwayo da aka gina a cikin gini, USS Trayer, nan ake kwana da su a tsaye wajen awa 12, ga wuta, ga hayaƙi, ga ruwa na ɓulɓulowa, an kwaikwayo abubuwan da suka taɓa faruwa da gaske, har da harin da aka kai wa jirgin yaƙin Amurka USS Cole a Aden ta ƙasar Yaman a 2000. Wanda ya ci, da safe a karɓe hular kurtu a ba shi ta sojan ruwa. Mutumin Kumasi ya ce ƙarti kuka suke yi a wurin. Sai bikin fareti, wanda ake gayyatar iyaye. Uwar ta ce ita ba za ta je ba, me za ta je yi. Jiya na ga tela ya kawo mata sabon ɗinki.

Don Allah ka roƙi Inna ta sa shi a addu'a, amma kada a ce mata yana cikin teku, a ce makaranta ce, don gaskiyar ke nan. Kai ma ka rubuto masa 'yan layuka ka turo mini ta WhatsApp, zan buga in haɗa da na “Auta”. Ka rubuta da Hausa mai sauƙi, ban da karin maganar nan taku ta Zazzau da ba ta da kai. Ka kuma gaya mini nawa ake sayar da buhun masara yanzu, kowa da abin da yake faɗa mini.

Naka,
Baban Auta
Bronx, New York