Takardun Filinka Suna Nan a Akwatina

Jekadafari, Gombe.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya Ikko, ya iyali, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya sauko mana da wuri, leɓe duk ya tsage. Inna tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar gida ne.

Saƙonka ya iso. Ka ce in nemi dillali a sayar da filinka na Tumfure, ka haɗa da abin da ke hannunka ka sayi mota ka sa ta haya. Da gangan na ƙi amsa maka ta waya, don na san halinka, in ka fara zuba ba a samun wurin sa baki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ban taɓa ba ka labarin gonar Baba ta Dadin Kowa dalla-dalla ba, kunya ce ta hana ni. Ka san ta, wadda ke ƙasa da madatsar ruwa, inda muke sauka mu ci mangwaro har cikinmu ya ƙulle. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ka tuna yadda hatsi ya yi ta hawa. Duk wanda ya ajiye masara a sito ya wayi gari mai kuɗi. Ina zuwa kasuwar Tudun Hatsi ina ganin yaran da na girma suna canza babur, ni kuwa albashi ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Da kakar 2024 ta zo, sai na ce a fitar mini da rabona na gado, na sayar, na zuba kuɗin kaf a masara.

Ranar da za a sa hannu, a zauren mai unguwa, Baffa ya zo ya zauna a bakin ƙofa, bai ko cire takalmi ba. Aka miƙa masa takarda ya sa hannun shaida, ya ƙi karɓar biron. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, ƙwaro yana cin masara, amma ban taɓa jin ya ci ƙasa ba." Na yi dariya a zuciyata, na ce tsoho bai san zamani ba. Aka nemo wani ya sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha.

Sauran ka ji shi a gari. Tun a watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Na ji a rediyo da kunnena, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ina jiran damina farashi ya tashi, sai ya yi ta sauka. Ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari, ga 'yan dako. Da na gaji na sayar, abin da ya dawo hannuna bai kai in faɗa maka ba.

Amma wallahi ba asarar kuɗin ce ke hana ni barci ba. Kuɗi na fara mayarwa a hankali, na shiga adashi, ina ɗan saron wake. Gonar ce. Da rani na koma wurin wanda ya saya, in ji ko zai sayar mini ko da rabi. Mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce ko ninki biyu na ba shi ba zai sayar ba, ina zai sake samun mai ruwa rani da damina? Shinkafarsa ta yi kore shar. Mangwaron nan ya sare shi don yana yi wa shuka inuwa, sai kututturen. A kansa na zauna na gyara igiyar takalmina da ba ta kwance ba, don kada ya ga idona.

Duk lissafin da na yi kafin in sayar, na riba ne. Na cika takarda biyu da shi. Ko sau ɗaya ban rubuta abin da zai rage mini in abin ya ɓaci ba. Istihara ma na yi, amma bayan na riga na karɓi kafin alƙalami, ka ga ai wasa ne.

Kada ka ɗauka ina cewa ka naɗe hannu. Kai da ka tafi Ikko da jaka ɗaya, ba ni zan koya maka kasada ba. Da aka hana acaba a wasu sassan birnin a 2022 ka rasa babur ɗinka, ka yi wata uku kana dako, ka tashi. Babur kenan, ana sayar da irinsa a kowace kasuwa. Mota ma haka take, ga hatsari, ga injin da zai buga, ga doka da za ta sauya dare ɗaya. Filin Tumfure kuwa fa? Kafin a ba mu jiha a 1996 gonaki ne wurin, yanzu gari ya cinye shi. In ka sake shi yau, da kuɗin mota nawa za ka dawo unguwar?

Ga abin da nake gani. Ka karɓi motar wani ka ja wata shida kana kai balas. Ka rubuta komai, mai, bakanike, abin da ake karɓa a hanya, da ranakun da ta kwana a gareji. In bayan nan har yanzu ranka na so, ka zo da kanka, mu je wurin Baffa tare, ka faɗa masa da bakinka. In ka fito daga zaurensa da niyyarka, ni zan kira dillalin.

Kafin nan takardun suna cikin akwatina, a ƙarƙashin kayan sallah, na sa su a leda saboda gara. Na kuma sa an gyara turakun iyaka, don maƙwabcinka na gabas ya fara zuba yashi. Kuɗin siminti buhu ɗaya ne, ka turo in ka samu.

Ka gaishe mini da amarya da yara. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ka yi faɗan da za ka yi, zan saurara.

Naka har kullum,
Abokinka na Jekadafari.